Alkama da Burodi a Ƙasar Hausa: Waiwaye a kan Tarihin Cimar Gida da ta Kanti

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san cewa idan aka ce "hatsi", gero ake nufi da dawa da maiwa. A wasu karorin harshe ma, kamar na Sakkwato da Katsina, gero kaɗai kalmar take ɗauka in ba a yi ƙarin bayani ba. Shinkafa da alkama kuwa sai an kira su da sunansu. Wannan bambanci da harshe ya yi yana da dalili, domin hatsi shi ne abin da ake ɗaurewa dami-dami a zuba a rumbu, kuma da yawansa ake auna ko magidanci zai fita shekara ko ba zai fita ba.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bin diddigin yadda alkama, wadda a da abincin sarakuna ce da attajirai, ta zama karin kumallon lebura da ɗan makaranta, alhali kuwa gonarta ba ta ƙaru da wani abin kirki ba. Za a dubi abin da aka samu da abin da aka rasa a cikin wannan canji, sa'an nan a tsaya a kan yunƙurin da hukuma ta yi, tsakanin 1987 da 1992, na mayar da mutane ga abin da ƙasarsu take fitarwa.

2.0 Alkama a da

Ba baƙuwa ba ce alkama a nan, ko da yake sunanta ya nuna hanyar da ta biyo. Kalmar ta Larabci ce, harafin "al" ya manne mata kamar yadda ya manne wa albasa da alkyabba da alƙalami. Haka nan alkaki da gurasa, su ma asalin sunayensu Larabci ne. A birnin Kano an daɗe ana danganta irin waɗannan abinci da unguwannin da fataken Larabawa na Gadamas da Tarabulus suka zauna, kamar Dandalin Turawa. Matafiyan Turai na ƙarni na 19, irin su Clapperton, wanda ya iso Kano da Sakkwato a 1824, da Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, sun ambaci alkama a cikin abin da suka tarar ana nomawa.

Sai dai noma ne ɗan kaɗan, kuma yanayin ƙasa ne ya taƙaita shi. Alkama ba ta son zafi, musamman lokacin da take fitar da kai. Saboda haka ba a iya shuka ta da damina tare da gero. Dole sai da hunturu, a shuka wajen tsakiyar Nuwamba a yanke a Maris, watau a daidai watannin da ko ɗigon ruwa ba ya sauka daga sama. Manomin da yake son ta sai ya sami fadama ko bakin kogi, ya kafa jigo, ya yi ta ɗebo ruwa guga-guga yana kwararawa a fangali. Abin da aka sha wannan wahala a kansa ba zai yi araha ba. Shi ya sa alkaki da finkaso da taliyar hannu suka zama abin gara da biki da saukar babban baƙo, har Bahaushe ya ce, alkama bisa dutse, Allah kan ba wanda ya so.

3.0 Shigowar burodi

Burodi daga bakin teku ya hauro. A Ikko aka fara gasa shi don sayarwa, kuma wanda ya fi shahara a wannan sana'a a shekarun 1920 shi ne Amos Shackleford, mutumin Jamaika. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, sai ma'aikatan jirgi da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu suka taho da cimarsu, aka fara ganin gidajen burodi a sabbin garuruwan da aka keɓe musu. Kalmomin "burodi" da "fulawa" duka daga Ingilishi Hausa ta aro su, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa Bahaushe bai ɗauki fulawa a matsayin garin alkamar da ya sani ba. Ya ba ta suna dabam domin a idonsa abu ne dabam: fari fat, ba dusa, a buhu yake zuwa.

Ya kamata a tuna cewa jirgin da ya kawo fulawa shi ne ya kwashi gyaɗa. Tun daga kakar 1912 manoman Kano suka fara ba gyaɗa wani kaso na gonar da a da hatsi ne a ciki, kuma bai fi shekara biyu ba aka shiga yunwar 1914, wadda ake kira Kakalaba. Ta 1927 kuwa sunanta Mai Buhu, kuma ana danganta sunan da hatsin da aka riƙa kawowa daga nesa a cikin buhuna. Ashe tun a wancan zamani tunanin jama'a ya fara haɗa buhu da ranar da rumbu ya gaza.

Babban canji ya zo ne da samun mulkin kai. A 1960 aka kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria, bisa jagorancin George Coumantaros, wani attajiri Bagirke mai harkar jiragen ruwa, kuma a 1962 injinsa na Apapa ya fara niƙa. Daga nan aka koma shigowa da tsabar alkama, mafi yawa daga Amurka, a niƙe ta a bakin tashar jiragen ruwa. A shekarun 1970 aka kafa irin wannan injin a Kano. A takarda, an sami masana'anta ta gida. A zahiri kuwa niƙan ne kaɗai na gida.

4.0 Me ya sa burodi ya yi araha?

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin yawancin masu kukan lalacewar cimarmu suna ɗora laifin a kan kwaɗayi da son kwaikwayon Nasara. Ba a rasa wannan, amma bai isa ya bayyana abin da ya faru ba.

Dalili na farko yana can inda ake noma alkamar. A filayen tsakiyar Amurka da Kanada mutum ɗaya da injuna yana noma ɗaruruwan eka, ruwan sama da sanyi kyauta ne, gwamnatocinsu kuma suna tallafa wa manoma ta hanyoyi iri-iri. Jirgin ruwa guda yana ɗauko dubban tan, kuma kuɗin dakon buhu a kan teku bai taka kara ya karya ba in aka kwatanta da dakonsa a mota daga ƙauye zuwa birni a kan hanyar da ba kwalta.

Na biyu shi ne kuɗin man fetur. Bayan tashin farashin mai a 1973 da ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, kuɗi ya yawaita a hannun ma'aikata, naira kuma ta yi ƙarfin da ya wuce kima. A 1980 naira ɗaya ta kusa dala biyu a canjin hukuma. Ma'anar wannan ita ce duk abin da aka sayo daga waje ya faɗo ƙasa, duk abin da aka noma a gida kuma ya hau, domin ladan ƙwadago ya tashi, samari sun bar gona sun tafi aikin gine-gine a birane. Daɗin daɗawa, wannan ya zo daidai da farin 1972 zuwa 1974, lokacin da gero da dawa suka yi ƙaranci ƙwarai. Mutane da yawa a lokacin suka saba da burodi, kuma da damina ta gyaru ba su bar shi ba. Alkamar da ake shigowa da ita, wadda ba ta kai rabin tan miliyan ba a farkon shekarun 1970, ta haura tan miliyan ɗaya a shekara kafin tsakiyar shekarun 1980.

Dalili na uku shi ne wanda ba a cika rubutawa ba, saboda a tsakar gida yake, kuma mata ne suke ɗauke da shi. Mudun gero ba abinci ba ne tukuna. Sai an surfa shi, an bakace, an wanke, an shanya, an daka ko an kai inji, an tankaɗe, sa'an nan a hura wuta a yi talge a tuƙa, ga kuma miya tana jiran nata aikin. In koko ne, tun daren jiya za a jiƙa, a niƙa, a tace. Kowane mataki yana cin lokaci da ruwa da itace. A ƙauye, inda matan gida suke da yawa, itace kuma yana bayan gari, ba wanda yake lissafa wannan da kuɗi. A birni kuwa komai saye ne. Leburan masaƙa a Kakuri ko ma'aikacin kamfani a Bompai, wanda ya bar iyalinsa a gida, kuma dole ya kama aiki da ƙarfe bakwai, ba shi da turmi ba shi da mai daka. Teburin mai shayi ne ya zame masa madafa. Haka makarantun kwana da asibitoci da barikoki, inda ake ciyar da ɗaruruwan mutane a lokaci guda. Burodi yana kwana biyu bai lalace ba, ba ya bukatar kwano, ba ya bukatar wuta. Wanda ya kira wannan kwaɗayi, a ganina, bai taɓa tashi da asuba neman abin da zai ba yara biyar kafin su tafi makaranta ba.

To, amma araha ba ta ado. Abin da aka biya bai fito a farashin burodin ba. Kuɗin da ma'aikacin birni zai kashe a kan gero, ya koma aljihun manomin Ɗambatta ko Gumel, sai ya bi teku. Ƙosai da koko da fura da waina sana'o'i ne na matan aure da suke cikin gida, yara suna yi musu talla, kamar yadda Polly Hill ta bayyana a nazarinta na ƙauyen Batagarawa, da Enid Schildkrout a nata na birnin Kano. Gidan burodi da teburin shayi kuwa na maza ne. Ke nan wani ɓangare na cinikin karin kumallo ya fita daga hannun mata. Ta fuskar gina jiki ma akwai asara, domin farar fulawa an raba ta da dusa da ƙwayar tsiro, inda yawancin amfanin tsabar yake, har sai da hukuma ta wajabta ƙara mata sinadarin bitamin A a 2002.

Wani abin lura kuma shi ne yadda fulawa ta shige cikin abincin da muke kira na gargajiya. Gurasar da Kano take alfahari da ita, da alkubus, da fanke, har da ɗanwake a gidaje da yawa, da fulawar kamfani ake yin su. Mai cin gurasa da ƙuli yana ganin ya riƙe al'ada, ga shi kuwa tsabar da aka yi ta da ita ta ƙetaro teku.

5.0 Madatsun ruwa

Gwamnatocin wancan zamani sun ga haɗarin, kuma maganin da suka zaɓa shi ne a noma alkamar a gida. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, in ji masu iya magana. Bisa ga wannan tunani aka kafa manyan ayyukan ban ruwa guda uku: na Kogin Kano, wanda madatsar Tiga take shayar da shi, an gama ta a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, na Bakolori a kan Kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, wanda wani kamfanin Italiya ya gama madatsarsa a 1978, da na Kudancin Tafkin Cadi a Barno, wanda aka tsara zai shayar da hekta 67,000.

Na Cadi tafkin ne ya janye ya bar magudanan a bushe. Na Bakolori kuwa da jini aka buɗe shi. An tashi dubban mutane daga garuruwansu, an hana manoma shuka na tsawon lokacin da ake baje gonakinsu, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Da suka tare hanyoyin shiga wurin aikin, sai aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma a ƙarshen Afrilu 1980. Adadin matattu da hukuma ta bayar bai wuce ashirin da 'yan kai ba. Mutanen yankin da wasu manazarta sun ce ɗaruruwa ne. Ban da wannan, manoman fadamar da ke ƙasa da madatsar sun rasa ambaliyar da take ba su shinkafa da kifi.

Aikin Kogin Kano shi ne ya fi tsayawa da ƙafarsa, amma ko a can manoman Kadawa da Kura sun yi nasu lissafin. Sun ga alkama tana son taki da yawa, in an makara da shuka da mako biyu zafin Maris ya tarar da ita, kuma farashinta yana ɗaure da na wadda ake saukewa a Apapa. Tumatir da albasa da masara da shinkafa sun fi kawo kuɗi, sai suka karkata can. A ƙasa da Tiga kuma, fadamar Haɗejiya da Nguru ta ragu. Lissafin da Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa amfanin da ake samu daga ruwan in an bar shi ya malala a fadama, ta wajen noma da su da itace, ya fi wanda ake samu in an tsare shi don aikin ban ruwa. Gunilla Andrae da Björn Beckman, a littafinsu na 1985, sun kira wannan hali tarkon alkama. Hujjarsu ita ce, an saba wa jama'a da abincin da ƙasar ba za ta iya nomawa da araha ba, sa'an nan aka koma ana zuba dukiya don noma shi ko ta halin ƙaƙa, maimakon a kashe ta wajen kyautata gero da dawa da hanyoyin sarrafa su.

6.0 Hanin 1987

Da farashin mai ya faɗi, kuɗin waje ya ƙare, sai gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigowa da shinkafa da masara a 1985, ta karya darajar naira a Satumba 1986, sa'an nan ta hana shigowa da alkama daga Janairu 1987. A 1988 aka ƙara da hana shigowa da tsiron sha'ir da kamfanonin abin sha suke amfani da shi.

Ina firamare a lokacin, kuma abin da na fi tunawa shi ne yadda burodi ya ƙanƙance, ya yi nauyi, yana marmashewa a hannu tun ba a tsoma shi a shayi ba. Daga baya na fahimci dalili. A cikin garin alkama akwai wani sinadari mai danƙo wanda yake riƙe iskar da yisti yake fitarwa, shi ne yake sa ƙulli ya kumbura. Masara da dawa da rogo ba su da shi, don haka in gaurayen ya wuce kima burodin ba ya tashi. Gidajen burodi da yawa sun rufe, injunan niƙa suka koma aiki da ɗan kaɗan daga ƙarfinsu, aka sallami ma'aikata. Fulawar sumoga kuwa ta riƙa shigowa ta iyakokin Binin da Nijar da Kamaru, mai hali yana saye da tsada.

A gefen manoma an sami abin da ba a taɓa gani ba. Farashin alkama ya ninka, gwamnatin tarayya da ta Jihar Kano suka yi ta raba iri da taki da ƙananan injunan ban ruwa. Nazarin da Kevin Kimmage ya buga a 1991 a kan kwarin Haɗejiya da Jama'are ya nuna wanda ya fi cin moriyar: masu kuɗi da masu muƙami daga birane, waɗanda suka mallaki manyan filaye a fadama, suka share dazuzzuka, suka toshe wa makiyaya mashaya da wuraren kiwon rani. Alƙaluman amfanin gona da jihohi suka riƙa shelantawa kuma sun yi nesa da abin da ya isa bakin injin. Abin da aka noma bai taɓa kusantar abin da ake bukata ba. A ƙarshen 1992, bayan matsin lamba daga masu injuna da masu gidajen burodi da gwamnatin Amurka, aka ɗage hanin, farashi ya faɗi, yawancin sabbin manoman alkama suka watse.

Abin mamaki, hanin sha'ir, wanda ba a yi ta surutu a kansa ba, shi ne ya bar abin da ya ɗore. Kamfanoni sun koyi yin tsiro da dawa, suka gyara injunansu, dawa ta sami kasuwar masana'antu. Bambancin a fili yake: a nan an nemi inji ya karɓi abin da gona take bayarwa da damina, ba tare da madatsa ba. A wajen alkama kuwa gonar aka nemi ta canza hali don ta gamsar da inji.

7.0 Bayan hani

Daga 1993 alkama ta dawo da ƙarfin da ya fi na da, kuma ba a burodi kaɗai ba. Taliyar kamfani ta ture taliyar hannu, an fara yin Indomie a Ota a tsakiyar shekarun 1990, har ta zama sabuwar sana'ar mai shayi. A farkon shekarun 2020 abin da Nijeriya take shigowa da shi ya kai wajen tan miliyan biyar a shekara, wanda ake nomawa a gida kuwa bai kai kashi 5 cikin 100 na bukata ba. An sake gwada gauraya garin rogo a zamanin Obasanjo, da kuma a 2012 zamanin Jonathan, ba a je ko'ina ba.

Rauni irin na mai dogara da jirgin ruwa ya bayyana a 2022, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren, farashin alkama ya tashi a duniya. Ya ƙara bayyana bayan an saki naira a Yuni 2023, inda dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Burodi ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Sai dai waɗanda suka ce za su koma ga hatsi sun tarar shi ma ya hau, domin taki da man mota sun yi tsada, 'yan bindiga kuma sun hana noma a yankuna masu yawa na Zamfara da Katsina da Sakkwato, ciki har da kewayen Bakolori kanta. A ƙarshen 2023 aka sake ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a Jigawa. A Yuli 2024 kuma gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigowa da alkama da masara da shinkafa da wake na tsawon kwana 150, don a sassauta wa masu saye. Farashin hatsi ya sauka a kasuwanni irin su Dawanau a cikin 2025, mutanen birni suka ɗan numfasa, manoman da suka sayi taki da tsada kuwa suka yi ta kukan cewa abin da suka girbe bai mayar musu da kuɗinsu ba.